Tsayuwar Rabin Tudu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ƙafar nan da Baba ya ce tana damunka in an yi sanyi? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ni ce Auta, wadda ka taɓa cewa ta fi rediyo surutu. Na girma yanzu, ina aiki a shagon sayar da magani, surutun dai bai ragu ba.

Na so in kira ka a waya, Baba ya ce kada in wahalar da kaina, janaretocin kamfani sun cinye maka kunne, sai dai takarda. Na tambaye shi yadda muke da kai, ya shiga jero kakanni har shayinsa ya huce. Abin da na riƙe shi ne kakarka da kakarsa ciki ɗaya suka fito, kuma ya ishe ni.

Maganar Dattijuwa ce, babur ɗin nan na Baba da kuka yi wa aikin inji tare tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. Tun rasuwar Mama, kullum safiya ita yake hawa zuwa lambunsa na bayan tudu. Yanzu ba ta iya cinye tudun a tashi ɗaya. Baba ya ce tana kaiwa rabi sai injin ya ɗau zafi, dole ya tsaya a rumfar mai faci ya jira ta huce. Tsayuwar kuma ƙaruwa take yi, har rana ta fara riga shi isa lambu.

Wana Dogo ya ce a sayar da ita a huta, Baba ya zauna gida kamar sauran tsofaffi. Kawu, in aka raba Baba da lambun nan an gama da shi. A can yake magana, a can yake dariya. A gida sai ya zauna ya zuba wa ƙofar ɗakin Mama ido, ni kuma kallon nan ne ba na iya jurewa.

Makaniken layinmu, wanda ake kira Sauri saboda ba ya yin sa, ya ce akwai ƙaramin lagireto da ake ɗaura wa irin wannan injin, baƙin mai ya bi ta cikinsa ya sha iska ya koma. Amma bai taɓa ɗaurawa ba, kuma nan ba a samun na kirki. Don Allah ka nemo mana, ka rubuto yadda ake yi.

'Yarka,
Auta

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na yi murna ƙwarai. Ƙafa tana nan, ta zama abokiyar zama, ita ke ba ni labarin hadari kafin kowa. Innarki tana gaishe ki, ta ce gara da kika rubuto, don in kira kika yi, unguwa ce za ta ji hirar, ni ban ji ba.

Direban babbar motar da ke wucewa ta wajenku zai kawo kwali. A ciki akwai lagireton, da tiyo biyu, da sabon murfi, da gasket, wato shimfiɗar murfin mai hana yoyo, da notina masu rami a ciki, da zobban jan ƙarfe. Ki karanta wa Sauri wannan a hankali, tun da hankali sana'arsa ce.

Ya fara juye tsohon mai, ya wanke rariyar mai. Sannan ya kwance ƙaramin murfin da ke gefen dama na kan injin, ya sa sabon, wanda ke da kafa biyu: ɗaya mai ya fita, ɗaya ya dawo. Tsohon gasket ya kankare shi tas, kada ya yi masa tausayi. Kowane noti mai rami zobe yake so sama da ƙasa, kuma ɗauri ne na hannu mai ladabi, jikin injin nan ya tsufa, in ya danne zai cinye haƙoran.

Lagireton a jikin ƙarfen babur za a kafa shi, inda iska ke bugowa, ba a bayan murfin tayar gaba ba, inda sai taɓo. Kada ya yi sama da yawa, famfon mai na Dattijuwa ba yaro ba ne, ba zai iya tura mai sama ba. Tiyo kada ya kusanci salansa. In an gama a ƙara mai, don lagireton da tiyo suna shanye kamar kofin shayi. Idan an tayar, kada a ba ta wuta. A sassauta notin dawowa har a ga mai ya ɓullo, sannan a ɗaure. In mai bai ɓullo ba a kashe nan take, in ba haka ba kan injin zai ƙone.

Amma ga magana ɗaya. Kada ki sa a ɗaura tukuna. Ki samu ranar da ba ki da aiki, ki hau bayansa ku je lambun tare, ki ga tsayuwar nan da idonki. Na san injin nan kamar yunwar cikina. Wannan ba hukuncin da za ki yanke daga cikin shagon magani ba ne.

Ki gai da babanki, na san yana tsaye a kanki yana leƙe, ko ma takardar tana hannunsa.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kwali ya iso, ba abin da ya ɓata, Allah ya saka da alheri. Ka canka daidai, Baba ne ya fara karanta takardar, ni sai ragowar na samu.

Na karanta inda ka ambaci shagon magani, na sake karantawa. Na gane. Ba ni ce mace ta farko da aka ce ta tsaya a inda aka ajiye ta ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi, don tun ina ƙarama ni ke miƙa wa Baba sifana, Dogo yana can yana ƙwallo. Duk da haka na ce wa Baba ya tafi da ni, ya ce nauyin mutum biyu zai ƙarasa injin. Sai na tare shi da ya dawo, na yayyafa wa injin ruwa, ya yi cuu. Me kuma zan je gani?

Baba ya yi ta kawo dalilai: a bari zafi ya wuce, a bari a sake tambayarka, Dattijuwa ba ta son baƙon ƙarfe a jikinta. Ka san tsofaffi da sabon abu. Na bari ya kwanta bayan azahar, na tura ta zuwa wajen Sauri.

Na tsaya a kansa da takardarka a hannu. Ya so ya kafa lagireton can sama kusa da fitila, wai ya fi kyan gani.

Na ce, "Kwalliya muka zo yi? Sauko da shi."

Ya ce, "Ke dai Auta, da namiji ce ke da kin kashe mini kasuwa."

Da aka tayar, ya sassauta notin dawowa muka zuba ido. Shiru. Har na kai hannu kan makulli, sai ga mai ya ɓullo, ya gangaro masa a yatsu. Na yi ihu har mai wankin mota ya leƙo.

Kawu, aiki ya yi! Yanzu Baba yana cinye tudun ba tsayawa. Mai faci ya zo sayen maganin tari, na ce masa ya nemi wani abokin hira, Dattijuwa ta daina zama a rumfarsa. Ya dube ni kamar zai yi magana, ya karɓi maganinsa ya tafi. Baba kuwa duk wanda ya tambaya sai ya nuna lagireton ya ce, "Aikin Auta ne." Yana dawowa da wuri, yana kwanciya da wuri, abinci ne dai ya ɗan rage ci.

Ka ga, daga shagon magani ma ana iya wani abu.

'Yarka,
Auta

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Makonni sun wuce ban ji daga gare ka ba. Duk zuwan direba sai na tare shi, ya ce ba saƙo. In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, bakina ya fi ni sauri. Amma kada ka yi shiru yanzu, ina buƙatarka.

Kada hankalinka ya tashi, da sauƙi: Baba ya faɗi. Maƙwabcinsa na lambu ya same shi zaune a ƙasa a bakin shinge, Dattijuwa kwance a gefe injin yana ta yi, shi kuma ya dafe ƙirji. Ya ƙuje gwiwa da hannu, ba karaya. A asibiti likita ta ce zuciyarsa ta gaji, kuma ba yau ta fara ba. Ta ba shi magani. Ta ce lambu ba laifi, motsa jiki ma alheri ne, amma doguwar tafiyar babur cikin gargada da rana ba hutu, wannan ba zai yiwu ba. Dole ya riƙa yada zango.

Mai faci ya zo dubiya. Da zai tafi ya ja ni waje.

Ya ce, "'Yata, ranar nan na so in gaya miki, na ga kina murna. Babanki in ya tsaya wajena ko kallon injin ba ya yi. Benci yake nema, ya zauna ya runtse ido, sai numfashinsa ya dawo ya sha ruwa. Sannan ya tashi ya taɓa injin ya ce, 'To, ta huce.'"

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa wa kowa ba?"

Ya ce, "Mutum ya ce babur ɗinsa ne ya gaji, ni ne zan ce masa a'a, kai ne?"

Kawu, na jingina da bango na yi kuka. Ni da nake sayar wa tsofaffi maganin zuciya kullum, ban ga na gidanmu ba. Yanzu na gane abin da ka aike ni gani.

Da muka koma gida na tambayi Baba, tun da ya gaya wa likita a tudun jiri ya fara kama shi, me ya hana shi tsayawa? Ya daɗe yana gyara bandejin hannunsa.

Ya ce, "In tsaya a ce me? A ce aikin 'yata bai yi ba?"

Dogo ya ɗauke makullin ya sa a aljihu. Ya ce Baba ba zai taɓa tsayawa da kansa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, Baba ya gwammace ya faɗi da ya ce ya gaji. Yanzu yana zaune a tsakar gida, ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofar Mama. Maƙwabci ke ba shukar ruwa, Baba ko tambaya ba ya yi. In cire lagireton ne, ya samu abin fakewa? Ka gaya mini abin yi.

'Yarka,
Auta

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Wannan takardar na ce direba ya kai miki shago hannu da hannu. Ki karanta ki bar ta a can.

Ba fushi na yi ba. Aikin yanar ido aka yi mini, aka naɗe ni kamar ƙunshin kaya. Takardunki biyu Innarki ta ɓoye a ƙarƙashin kwanuka don kada in yi karatu, sai da likita ya yarda ta fito da su. Ido ya yi kyau, har na ga ashe ta tsufa. Na karanta su a jere, dariyar ta farko ba ta gama sauka ba ta biyun ta ƙwace ta. Yaya jikin nasa? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar shagon magani ba raini ba ce. Zargi nake yi, don injin nan yana zafi, gaskiya ne, amma ba zafin da zai zaunar da mutum har rana ta take ba. Ban iya rubutawa fili ba saboda na san hannun da takarda ke fara faɗawa a gidanku. Na yi kwana-kwana har na taka ki, ki yafe wa kawunki. Kuma ki daina cin kanki. Mutumin da ya ɓoye wa kansa ciwo, ɓoye miki ba zai yi masa wuya ba.

Kada ki cire lagireton. Injin yana buƙatarsa, aikinki kuma ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. In kika cire kin ce masa mun gano shi, babanki kuwa tun muna samari in ya yi tuntuɓe sai ya ce takalmi ne. Ba za mu canza shi yanzu ba. Abin da ya rasa dalilin tsayawa ne, sai mu mayar masa.

Ga takarda ta biyu, sunansa ke kai, a kai ta gida. Abin da ke ciki ba ƙarya ba ne, duk sabon ɗauri ana duba shi. Na dai ja wa'adin ne ya yi tsawo. Ki kira Dogo shago ki nuna masa wannan da na rubuto miki, ki ce masa sharaɗin likita zai cika, ya fito da makulli. Ki kuma roƙi mai faci ya sa ido, in Dattijuwa ta wuce ba ta tsaya ba ya kira ki.

Kawunki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka sannu. Na ji Dattijuwa ta kayar da kai, ka yi haƙuri da ita, tsufa ne.

Akwai dokar lagireton da na manta ban rubuta ba, laifina ne. Tiyo da noti in suka sha zafi a hawa suna saki. In mai ya tsiyaye a hanya, injin zai kama, kuma irinsa ba a samu yanzu. Saboda haka kullum, zuwa da dawowa, in ka kai rabin tudu ka kashe ta a inuwa. Kada ka taɓa komai da zafi. Ka zauna ka jira har lagireton ya huce yadda za ka iya riƙe shi da tafin hannu. Sannan ka shafa notin nan biyu ka ga ko akwai danshi, ka duba ma'aunin mai.

Na san za ka ce ɓata lokaci ne. Aikin Auta ne, kada ka bari ya lalace a hannunka. Za ka yi ta yi har sai na ce a daina.

Ƙaninka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa ido haske. Ka ce wa Inna na gode da ɓoyon takardu, ta sa na rame.

Baba ya karanta taka a tsaye, ya yi tsaki ya ce, "Wannan kurman bai taɓa gama magana a tashi ɗaya ba." Sannan ya ce a kira masa Dogo. Dogo ya dube ni, ya ajiye makullin a kan tabarma.

Ranar farko na ce zan bi shi in ga ko notin na yoyo, bai ce nauyin mutum biyu ba. Muna isa rumfar ya kashe ta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Doka ce daga sama, an ce sai na duba!" Mai faci ya share masa benci. Baba ya zauna ya runtse ido, ni kuma na tsuguna ina kallon noti kamar ban taɓa ganin noti ba.

Ya koma cin abinci, kujerar ma ta juyo. Ga kwandon gwaiba daga lambu, da takarda da ya liƙe da kansa ya hana ni gani.

'Yarka,
Auta

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Na ji an gyara maka ido, saura kunne. Jiki da sauƙi, maganin likita ina sha, tun da mai sayar da shi a gidana take kwana.

Dokarka ina bi. Notin bai taɓa yin danshi ba ko sau ɗaya, kuma ba zai yi ba, yarinyar ta tsaya an ɗaure shi da kyau. Ni na koya maka riƙe sifana, ka tuna, kuma tun muna yara in za ka yi mini dabara sai ka cika bayani. Kada ka gaya wa Auta na ce haka. Tana jin daɗi in ta ga ina shafa notin, ni ma ina jin daɗin ganinta.

In idon ya ƙarasa warkewa ka zo. Bencin mai faci yana ɗaukar mutum biyu, ba sai ka ji abin da nake faɗa ba.

Aibin lagireton nan ɗaya ne, yana saurin hucewa. Ina zama kaɗan, in kai hannu in ji ya yi sanyi, ni kuwa ban gama ba. In akwai wanda ya fi shi jinkiri, ka aiko.

Yayanka